An Wanke Rubutun Baba Mai Lilo

Baba Mai Lilo ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin ina dama wa yara koko. Zulai ce ta kira, 'yarsa, ƙawata tun muna ƙanana. Ban ma gane muryarta ba. Cewa kawai ta yi, "Bilki, Baba ya tafi." Ni kuma don ruɗewa sai na ce, "Ya tafi ina?"

Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, a ɗora masa ruwan zafi. Kafin ruwan ya tafasa rai ya yi halinsa.

An kai shi makwancinsa da hantsi.

Don girman Allah kada ku rubuta "Allah ya jiƙansa" ku wuce. Ku rubuta, yana buƙata, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. Roƙo na zo yi, kuma kwana bakwai kacal gare mu. In ba mu yi wani abu ba kafin addu'ar bakwai, abin da bawan Allahn nan ya ƙare rayuwarsa yana tarawa zai hau sikelin 'yan gwangwan. Kuma da hannuna a cikin abin da ya jawo haka. Zan faɗa da bakina, ba sai wani ya faɗa ba.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Malam Isiyaku. Amma in ka shiga Limancin Kona ka ce kana neman Malam Isiyaku, mutum biyar za a nuna maka. Ka ce Baba Mai Lilo, ko makaho sai ya kai ka ƙofar gidan.

Gidansu gidan malamai ne kaka da kakanni. Yayansa, Malam Shehu, har gobe yana ba da karatu a zaure. Shi ma Baba ya yi allo har ya sauke, sai zuciyarsa ta tafi wajen ƙarfe, ya koyi walda. Yakan ce, "Gidanmu kowa alƙalami ya gada, ni kaɗai na gaji sufana, kuma har yau ban san daga wa ba."

Duk wanda ya taso a cikin birni a zamaninmu ya san filin nan na kusa da ganuwa inda yake kafa lilo da Sallah. Akwai na shillo, akwai mai zagaye, akwai wanda yake ɗaga ka sama har ka hango tsakar gidan mutane da shanyarsu.

Ina shekara takwas na fara saninsa, kuma ba a cikin mutunci muka haɗu ba.

Na ci tuwon Sallah, na ɗora nama, na bi da alewa iri uku, sannan na hau mai zagaye cikin sabuwar atamfata. Zagaye na huɗu duk abin da na ci ya dawo. A gaban yaran unguwa kaf. Dariya ta kaure, har da masu nuna ni da yatsa.

Baba ya tsayar da lilon. Bai ko kalle ni ba. Sai ya ɗauki sufana ya nufi injin, ya ƙwala masa ɗaya yana faɗa: "Kai wane irin mara kunya ne? Na ce ka bi a hankali, ka ɗebi 'ya'yan mutane kana gudu kamar an biyo ka! Ka ga abin da ka yi wa yarinya?" Yara suka manta da ni, suka koma yi wa inji dariya.

Ya sa aka kai ni gidansa. Inna, matarsa, ta wanke atamfar, ta busar da ita da dutsen guga na gawayi, ta ba ni zanen 'yarta na ɗaura kafin ta gama. 'Yar ita ce Zulai. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta san an yi haka ba.

Irin wannan mutumin muka rasa yau.

Da zamani ya juya, yara suka koma kan waya, wuraren wasa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai Baba ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Da ya ji an rufe wani wurin wasa, ko a wane gari ne, sai ya hau mota ya je ya riga masu yanka ƙarfe. Wani lokaci ya tarar sun riga shi, ya dawo da kujera ɗaya tal, ko kan agwagwar roba mai ido ɗaya, yana murna kamar ya dawo daga Hajji.

Mutane suka ce Baba ya fara taɓuwa. Ni ma na faɗa, ba zan yi ƙarya ba.

Da kaɗan-kaɗan filin ya cika. Agwagwa, ƙaramin jirgin sama da fentinsa ya koɗe, motocin karo guda biyu, akwatin da ake zama a ciki ana yanka tikiti, har da tsofaffin tikitin a cikin gwangwanin madara. Ya sa Zulai ta rubuta masa allo da manyan baƙi: GIDAN TARIHIN LILO. Ba ya karɓar ko sisi a ƙofa. Ni malamar firamare ce a Gyallesu, duk zango sai na kwaso ajina na kai masa.

Zai dafa agwagwar nan ya ce wa yara, "Kun ga wannan? Ta goya likitoci, ta goya alƙalai, ta goya ɓarayi. Ba ta taɓa tambayar kowa ɗan gidan wa ne ba."

Amma uwa uba shi ne jirgin.

Wani ƙaramin jirgin ƙasa ne na wasa, irin wanda Turawa suke ce wa rola kosta. Tarago huɗu, yana bin dogo, sarƙa ta ja shi ya hau tudu a hankali, sannan ya sako kai ƙasa ya yi kwana biyu ya dawo inda ya tashi. A wani gari ya samo shi an yar, ciyawa ta fito ta cikin kujerun. Shekara biyu ya yi yana gyara shi. Yaran birni suka sa masa suna Sai Salati, don komai cika bakinka, in ya sako kai daga tudun nan sai ka yi.

Da Sallah kawai yake tayar da shi. Kuma kafin ya ɗora kowa sai ya fara ɗora buhunan yashi, sannan ya hau da kansa. Ku auna tsoho da farin gemu, ya cire hula ya danne ta a cinya, shi kaɗai a taragon gaba. "Ba na ɗora ɗan wani a kan abin da ban hau ba," in ji shi. Shi ma salatin yake yi, mun sha jin sa.

A farkon shekarar nan mai filin ya ce yana son kayansa, zai gina shaguna. Ba a yi rigima ba, Baba godiya ma ya yi masa. Ya kwashe komai ya mayar kangon da ke bayan gidansu, ya kafa babbar rumfar kwano. Sauran kayan ɗauka kawai aka yi. Jirgin kuwa dole a warware shi.

Shi kaɗai ya warware shi, gaɓa-gaɓa. Guntayen dogo da ƙafafun da ke tallafe da su sun haura ɗari. A idona da idonka duk iri ɗaya ne, amma kowanne da irin lanƙwasarsa. Ka sa na kwana a wurin na tudu, noti zai shiga, komai zai yi kamar daidai, sai tarago ya zo da 'ya'yan mutane ya tuntsure.

Don haka ya yi wa kowace mahaɗa alama. Baba bai yi boko ba, da abin da ya sani ya yi. Ya dama tawada irin ta allo, ya fiƙe alƙalami, ya bi bakin kowane ƙarfe yana rubuta baƙaƙen ajami. In ka ga baƙi iri ɗaya a bakin ƙarfe biyu, to su ne ma'aurata. Na tambaye shi don me bai sa fenti ba. Ya ce, "Fenti ba ya fita, zai ɓata masa launinsa na asali. Tawada kuwa in aiki ya ƙare sai a goge." Ya jera su layi-layi a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kaiwa, yana jiran ya gama daidaita ƙasar kangon ya sake haɗawa.

Ganina da shi na ƙarshe yau kusan sati uku ke nan, ranar Asabar.

Na biya ta gidan in ɗauki Zulai mu tafi biki Tudun Jukun. Na sha kwalliya, lalle har gwiwar hannu. Yana zaune a bakin rumfar yana goge wani noti da tsumma, ya hango ni.

"Malama Bilki, zo nan da wannan wayar taki mai ido uku."

Na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "So nake ki bi min ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya ki ɗauke su hoto, baki da baki, yadda rubutun zai fito. Kan nan ya fara zubar da kaya. Jiya na yi rabin awa ina neman hulata, ashe tana kaina."

Na dubi ƙarafan, na dubi rigata. Na ce, "Baba, wallahi cajina ya kusa ƙarewa, kuma wayar ta cika. Bari sai Asabar mai zuwa in sha Allah, in zo da sassafe mu yi a natse."

Ya yi dariya ya ce, "Asabar ɗin 'yan boko ba ta cika zuwa da wuri ba. To Allah ya kai mu." Ya laluba aljihu ya ba ni dabino ya ce in kai wa jikokinsa.

Wayar da na ce ta cika, a wajen bikin nan ba irin hoton da ban ɗauka da ita ba. Amarya, ƙawayen amarya, shinkafa, har takalmina.

Asabar ta zo, na ce wanki. Ta sake zuwa, na ce makin jarrabawa. Ya aiko Zulai ta tuna min sau ɗaya, na ce ta gaya masa yana raina. Aiki ne na awa ɗaya, jama'a. Awa ɗaya.

Yanzu ga abin da ya faru yau.

Kafin in sallami yara, in nemi izini a makaranta, in samu napep, na iso gidan maza sun riga sun tafi kai shi. Na shiga cikin gida. Inna ta riƙe ni. Zulai tana ɗaki an rufu a kanta.

Ni kuma ban iya zama a gidan rasuwa ba, in na zauna zuciyata ci na take yi. Da na ji wata mata tana cewa ana neman ruwa a baya, sai na ɗaure hijabina a ƙugu na nufi rijiya. Ina ja, ina cika bokiti, ina miƙa wa wata ta ƙofar baya. Ban tambaya ba. Na ɗauka na alwalar masu dawowa daga maƙabarta ne.

Ashe ga yadda aka yi.

Zauren gidan ba zai ɗauki mutane ba, lungun kuma kun san lungunan birni, ga rana. Inuwa babba ɗaya ce, rumfar Baba. Kafin a fita da gawa Malam Shehu ya ce a kwashe ƙarafan a shimfiɗa tabarmi. Maza suka kwashe, suka tara su a jikin katanga, na farko a kan na ƙarshe, yadda hannu ya kai.

A nan idon Malam ya faɗa kan rubutun.

Duk wanda ya san gidajen malaman birni ya san abin da zai biyo baya. A gidan nan ko 'yar takarda ka gani a ƙasa da baƙin Larabci ɗaya, ɗauka za ka yi ka soke ta a jikin bango. Balle baƙaƙe fiye da ɗari a zube a ƙasa, daidai inda jama'a za su tuɓe takalma, inda awaki suke bi. Ya duba ya ga ba aya ba ce, ba addu'a ba ce. Amma ya ce harafi harafi ne, da su aka rubuta Alƙur'ani, ba za a taka su a gidan ubansa ba. Ya bar sallahu cewa mata masu alwala su wanke su tas kafin a dawo, a cikin baho, kada ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa.

Bai san amfaninsu ba. Tsawon shekarun nan bai taɓa taka wurin lilon ƙaninsa ba. Ba gaba suke yi ba, tare suke cin tuwo kullum. Shi dai a wurinsa wasan yara ne, ba ya tambaya, Baba kuma ba ya faɗa.

Bokiti na ƙarshe ban ga mai karɓa ba, sai na fita da shi da kaina.

Mata biyar na tarar a durƙushe. Biyu sun tallafe bakin ƙarfe a kan baho, ɗaya tana zuba ruwa, ɗaya tana bi da soso a hankali tana bisimilla, kamar masu wankan jariri. A gefe ga waɗanda aka gama an jingine, fes, suna sheƙi a rana. Ruwan bahon ya yi baƙi ƙirin.

Ruwan da na ɗebo.

Ban san lokacin da na saki bokitin ba. Ihu na yi, a gidan da ba a ɗaga murya ko a ranar suna. Na faɗa kan ƙarafan da suka rage na rungume su ina cewa ku bari, ku bari. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, kowa can za shi, addu'a za ki yi masa." Ta ɗauka zafin mutuwar ne.

Guda tara suka rage da rubutu.

Tara, a cikin fiye da ɗari. Kuma jerin da ya yi musu ma ya rushe.

Ban ga laifin matan nan ba, wallahi ban gani ba. Abin da aka sa su suka yi, da tsarki da ladabi, suna ganin girmama mamaci suke yi. Ban ga laifin Malam ba. Da na ba da awa ɗayan nan, da yau ko da omo aka wanke su ba abin da zai dame ni.

Da aka dawo daga maƙabarta aka ɗan natsa, na aika a roƙa min Malam Shehu ya leƙo soron ciki. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama.

Sannan ya ce, "Ba wanda ya kwafa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ya sa in kwafa. Ban yi ba."

Na so ya yi min faɗa. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah ya riga ya rubuta."

Sai ya faɗa min abin da ya sa nake wannan rubutun. Baba yana da 'ya'ya maza biyu da suke aiki a kudu, suna hanya yanzu haka. Ba su taɓa son harkar ƙarafan nan ba, kunya ma take ba su. Kuma a gidan ba a jan rabon gado, ranar bakwai ake yi kafin kowa ya watse.

Ya ce, "Bilkisu, in abin nan yana tsaye yana aiki, yara suna hawa, zan dubi idonsu in ce su bar shi sadaka ga ubansu, shi da kangon, kuma ba za su ƙi ni ba. Amma tarin ƙarfe a jikin katanga, ba ni da bakin da zan roƙa. Haƙƙinsu ne. Sayarwa za a yi a raba."

In jirgin ya tafi, sauran ma sun tafi. Ba wanda zai bar kango guda saboda agwagwa mai ido ɗaya.

Kuma kada ku ɗauka da nisa. A cikin masu gaisuwar yau na ga mutum biyu da ban taɓa gani a gidan ba. Sun yi addu'a, sun shafa, amma idonsu yana kan katanga. Ɗaya har ya ɗan taɓa wani ƙarfe da ƙafa don ya ji nauyinsa. Baba ko kwana bai yi a kabari ba.

Bayan la'asar na kira Tanimu mai walda daga Tudun Jukun, wanda ya taɓa taya Baba ɗaure tudun jirgin shekarun baya. Ya zo da kayan aikinsa, Allah ya saka masa. Muka ja guda taran nan gefe. A cikinsu biyu ne kawai baƙinsu ya zo ɗaya. Ya ɗauko wasu biyu daga cikin wankakkun da ya ga kamar za su dace, ya ɗaure, noti ya shiga lafiya lau. Muka turo tarago ɗaya da hannu. Yana zuwa mahaɗar ƙafarsa ta cije, ya karkace.

Tanimu ya share gumi ya ce, "Malama, gaskiya ɗaya ce. In lalube za mu yi, sai mu shekara a nan. Kuma ko ya haɗu, ni ba zan ɗora ɗan kowa a kan lalube ba. Amma in da hoto, hoton da ya nuna shi a tsaye ta kowane gefe, zan iya bin tabon walda. Baba ya yi wa kusan kowane ƙarfe faci, kuma ba faci biyu da suka yi kama. In na ga inda kowane faci yake a hoto, na san mazauninsa."

To kun ji roƙona.

Duk wanda ya taɓa kai 'ya'yansa wurin Baba da Sallah ya ɗauki hoto ko bidiyo, don Allah ya duba. Tsohuwar wayar da ke cikin durowa, memorin da aka cire aka ajiye, hoton da aka wanke aka sa a albam. Ba fuskar ɗanka muke nema ba, abin da ke bayansa muke nema. Ko ya yi dishi-dishi, ko rabin dogon ne ya fito, a turo min ta inbos.

Masu ɗaukar hoto da suke yawo filin da kyamara ranar Sallah, na san kuna nan, na san wasunku ba sa goge komai.

Malaman makarantun da suka taɓa kai yara, ku tambayi junanku.

Masu walda da makanikai, wanda zai iya ba da ko yini ɗaya, Tanimu yana kangon daga gobe da safe. Abinci a wuyana.

Ni na duba tawa wayar sau uku. Shekara da shekaru ina kai yara wurin nan, hotuna biyu kawai na samu da jirgin a ciki, kuma duka biyun kaina ya tare rabinsa.

Wanda ba shi da komai, ya tura wannan rubutun gaba. Ban san wa zai gani ba. Ban san ko za mu iya ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, ban taɓa jin na yi wa wani laifin da ba zan iya zuwa in durƙusa in ba shi haƙuri ba sai yau.

Dab da magariba, muna tsaye ni da Tanimu mun rasa abin yi, sai ga Malam Shehu ya zagayo da sandarsa. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya wuce tabarmin, ya zo har jikin katanga inda muka ware guda taran. Ya sunkuya da ƙyar, ya kai fuskarsa kusa da bakin ɗaya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Har yanzu haka yake jan wutsiyar mim ɗinsa. Na sha dukan hannunsa a kan wannan muna yara, bai daina ba."

Ya bi sauran da ido, wankakkun, tun daga farkon katanga har ƙarshenta. Sai kawai tsohon nan ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da farar rigarsa. Mutumin da ya yi wa ƙaninsa wanka da safe, ya sallace shi, ya sa shi a kabari, ba wanda ya ga hawayensa.

Ya ce, "Yau sau biyu na wanke Isiyaku."



Can wata daga cikin matan ta leƙo tana tambaya a ina za a zuba ruwan bahon, don an juye shi a jarka ana jiran Malam ya faɗi wuri mai tsarki. Ban jira ya faɗa ba. Na ce a ba ni.

Na san ba shi da amfani. Ni malama ce, na san tawada ba ta komawa kan ƙarfe. Amma na rungumo jarkar nan a napep tun daga birni har Gyallesu, ga ta nan a gefen ƙafata ina wannan rubutun, kuma ba zan zubar ba sai ranar da jirgin ya tsaya ko ranar da aka ɗora shi a sikeli.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka san yaran da ya faranta wa rai, mu ba mu san adadinsu ba. Ka faranta masa fiye da haka. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa makwanci, ka yafe masa kurakuransa. Ka ba Inna da Zulai da 'yan'uwanta haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Malam Shehu, kada ka bar shi da wannan nauyin, ba nasa ba ne.

Ni kuma ya Allah, amana aka ba ni na yi wasa da ita. Ka yafe min, ka ba ni ikon gyarawa kafin kwanakin nan su ƙare.

Jama'a, ku sa Baba a addu'arku yau da gobe, ku karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Ku roƙa mana Allah ya fito da hoton nan daga duk inda yake. In kun shafa, don Allah kada ku ce sai Asabar, ku tashi yanzu ku duba.